Filin Amsa Tambayoyin Masu Karatu: Tsohon Bututu a Ramin Kifi

Tun da kiwon tarwaɗa a cikin gida ya yaɗu a garuruwanmu, wasiƙun da ke zuwa wannan fili game da haƙar ramin kifi sun ƙaru ƙwarai, kuma da dama daga cikinsu suna magana ne kan abin da diga ke cin karo da shi a ƙarƙashin ƙasa. Mun zaɓo guda biyar a wannan fitowar, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani dattijo a Kaduna: Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a wani tsohon gida da na saya bayan na yi ritaya. Na sa leburori su haƙa mini ramin kifi mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 a filin da ke bayan ɗakuna. Da suka kai zurfin gwiwa sai diga ta bugi wani bututun ƙarfe mai kaurin inci ɗaya, duk ya yi tsatsa, ya ratsa ramin ta tsakiya. Mun buɗe famfon tsakar gida babu ruwa, dama kuwa rabonmu da ruwan famfo an daɗe. Leburorin sun ce bututun ya mutu, a yanke shi a sayar wa 'yan gwangwan. Shin in bari su yanke?

Amsa: Alhaji, kada ka bari su yanke tukuna. Hujjar da suka kafa, wato bushewar famfo, ba ta isa ta tabbatar da mutuwar bututu ba, musamman a garuruwanmu inda ake ba da ruwa bi da bi, inda kuma layin unguwa kan yi watanni a bushe saboda inji ya lalace ko wuta ba ta tsayawa, sannan wani dare ruwa ya dawo da ƙarfinsa ba tare da sanarwa ba. Idan hakan ta faru alhali an bar bakin bututu a buɗe cikin rami, za ka wayi gari ramin ya zama taɓo, gefunansa sun zabtare, wataƙila ma ruwan ya shiga ƙarƙashin katanga. Akwai kuma wata ɓarnar da ido ba ya gani, wadda a wurina ta fi ta farko muni. Duk lokacin da aka ɗauke ruwa, bututun da ya fanko yakan zuƙi abin da ke kewaye da shi ta kowace kafa, saboda haka yankakken baki a cikin ƙazamin ruwa zai iya jan wannan ƙazanta zuwa layin da maƙwabtanka ke sha daga gare shi. Ta irin wannan hanya ce cututtuka kamar amai da gudawa da zazzaɓin taifot ke shiga ruwan famfo.

Abu na farko shi ne a ajiye diga da dagi, a koma ga shebur da hannu. A tone ƙasar da ke gefen bututun a hankali, a bi tsawonsa ta ɓangarori biyu har a wuce iyakar ramin, domin inda ya dosa shi ne babban mai ba da labari. Wanda ya taso daga wajen titi ya nufi ɗakin girki ko makewayi, da wuya a ce ba na ruwan sha ba ne. Wanda ya taso daga babban gini ya nufi ɗakunan baya ko wurin da aka taɓa girka injin jan ruwa kuwa, sai an yi hattara da shi ninki biyu, domin a gidajen da aka gina shekaru da yawa da suka wuce akan zura wayar lantarki a cikin bututun ƙarfe a binne. Kafin kowa ya ɗora zarto a kansa, a kashe wutar gidan daga babban makunni, a kashe janareta da na'urar hasken rana idan akwai, a kira mai gyaran wuta ya duba inda wayoyin ɗakunan baya suka bi.

Bayan an cire zargin lantarki, sai a nemi sanin ko bututun yana haɗe da famfunan gidan. Masu gyaran famfo suna da wata dabara mai sauƙi wadda ba ta cin ko sisi. Mutum ɗaya ya tsuguna a cikin rami yana ƙwanƙwasa bututun da sifana, sau uku-uku yana tsayawa, wani kuma ya zagaya gidan da doguwar sukurdireba, yana ɗora bakinta a kan kowane famfo da kowane bawul, yana manna kunnensa a ƙotarta. Ƙarfe yana kai ƙara nesa, saboda haka idan bututun na haɗe da wannan famfon, za a ji bugun ƙwas-ƙwas a kunne sarai, ko da akwai ɗakuna biyu a tsakani. Da irin wannan sauraro, idan dare ya yi tsit, akan ji har sautin ruwa mai gudana. Sai dai a riƙe cewa jin ƙara yana tabbatar da haɗi, rashin jinta kuwa ba ya tabbatar da komai, domin wataƙila an taɓa yin gyara a tsakiya da guntun bututun roba, wanda ke kashe sauti.

Kada kuma ka raina tambayar mutane. Wanda ya sayar maka da gidan, da dattawan layin, da mai unguwa, da tsohon mai gyaran famfon da ya daɗe yana aiki a unguwar, sau da yawa sun fi takarda sanin inda aka bi da bututu, domin taswirar hukuma, inda ma akwai ta, kan tsaya ne a manyan layukan titi. Idan bincike ya nuna bututun yana tsakanin layin titi da mitar ruwa ko bawul ɗin da ke shigo da ruwa gidanka, ko kuma ya wuce ta filinka ne zuwa wasu gidaje, to ba naka ba ne balle ka yanke, sai ka kai magana ofishin Hukumar Ruwa na yankinku, ka nemi a turo ma'aikaci ya gani da idonsa.

A ce an gama duk wannan, an kuma gamsu cewa tsohon layin gidan ne da aka daina amfani da shi. Ko a nan na fi son mai gyaran famfo ya rufe bawul ɗin shigowa, ya nemi mahaɗa mai zare ya kwance ta, da toshiya daidai bakin bututun a hannunsa, maimakon a afka masa da zarto a tsakiya. Sannan a fitar da duk abin da ke ƙarƙashin ramin, a ƙara da aƙalla rabin mita bayan inda bangon ramin zai tsaya ta kowane gefe, a toshe bakunan da suka rage da toshiya ko a cika su da kwaɓaɓɓen siminti.

Za ka iya cewa, tunda ya mutu, me zai hana a bar shi a zuba kankare a kai? Dalilin nauyi ne. Kowace lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce, kuma raminka na mita 4 da mita 3, idan ruwan ya kai zurfin mita 1.2, zai ɗauki lita 14,400, wato fiye da tan 14, ban da nauyin bulo da kankare. Ƙasar da aka taɓa tonewa aka binne bututu ba ta kai ta gefenta tauri ba, ko da an yi shekara hamsin, ga shi kuma ƙarfen yana ci gaba da ruɓewa yana barin kogo. Daidai wannan layin ne daɓen zai fara lotsawa ya tsage, kuma da zarar ruwa ya sami tsaga, zai bi jikin tsohon bututun kamar yadda ɓera ke bin gindin bango, ya ɓulla inda bututun ya ƙare, wanda ba mamaki gindin ɗakin kwananka ne. Saboda haka idan an zare bututun, a mayar da ƙasa cikin gurbinsa kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15 a kowane zubi, ana yayyafa ruwa ana daɓewa, kafin a ƙara wani.

Game da sayar wa 'yan gwangwan, babu laifi idan ya tabbata naka ne. Abin da ba na so shi ne a yi tsimin kuɗi a kankare tsatsar a mayar da shi mai kai wa kifi ruwa. Irin wannan bututu an shafe shi ne da tutiya don kare shi daga tsatsa, tutiya kuwa idan ta yi yawa a ruwa tana cutar da kifi, musamman ƙanana. Sabon bututun roba ya fi arha a kan asarar 'ya'yan kifi. Idan kuwa bincike ya nuna bututun yana aiki, shawarata ita ce ka gusar da ramin gefe, tunda zurfin gwiwa kawai aka kai, cike shi bai kai wahalar karkatar da layin ruwa ba.

Tambaya daga wani matashi a Kano: Na sayi fuloti a wata unguwa da gari ya cim ma, ina haƙar ramin kifi kafin in sami kuɗin gini. Mun tarar da wani babban bututu mai launin toka, kamar na siminti, faɗinsa ya kai inci 4 ko fiye. Diga ta ɓantare gefensa, sai na ga kamar akwai zare-zare a wurin da ya fashe. Abokina ya ce ya aro mini injin yankan ƙarfe mu datse shi. Mene ne wannan bututun?

Amsa: Malam, yadda ka siffanta shi, akwai kyakkyawan zato cewa bututun siminti ne da aka cuɗa da asbesto (wani ma'adini mai zare-zare), irin wanda hukumomin ruwa a ƙasashe da yawa suka yi ta shimfiɗawa a tsakiyar ƙarnin da ya wuce saboda arharsa da rashin tsatsarsa. Kano ta fara samun ruwan famfo daga Challawa tun farkon shekarun 1930, an kuma yi ta faɗaɗa layuka a shekarun da suka biyo baya, wasunsu ta cikin gonaki da filayen da a yau aka yanka fulotai a kansu. Ka gwada da maganaɗisu: ba zai kama shi ba, kuma idan ka ƙwanƙwasa ba zai yi ƙarar ƙarfe ba.

Ka mayar wa abokinka injinsa. Haɗarin asbesto yana cikin ƙurarsa ne, domin zarurrukansa sun yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsu a iska, idan kuma aka shaƙe su sukan maƙale a huhu har abada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa kowane nau'insa yana jawo ciwon daji, kuma cutar kan ɓoye shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana, shi ya sa wanda ya yanka bututu yau ya tashi garau gobe yake ganin tsoron banza ne. Birtaniya ta haramta shi baki ɗaya a 1999. Injin yanka shi ne mafi munin abin da za a taɓa shi da shi, domin cikin minti kaɗan zai mayar da shi gari ya watsa a fuskarku da tufafinku, ku kuma kai wa iyali gida. Takunkumin yadi ko ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙurar.

Abin yi yanzu shi ne ka jiƙa wurin da ya ɓantare da ruwa, ka tsince gutsattsarin suna jiƙe ka zuba a leda mai kauri ka ƙulle, ka saka ta cikin wata ledar, kada a share wurin da tsintsiya, kada kuma yara su yi wasa da ƙasar. Ka rufe bututun da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sannan ka lura cewa idan na ruwan famfo ne, bututu mai wannan girma ba na gida ɗaya ba ne, babban layi ne, kuma mallakar Hukumar Ruwa ne ko yana aiki ko ba ya yi. Ka sanar da su a rubuce, ka riƙe kwafin takardar. Wannan ya wuce maganar kifi ma, domin idan layin yana aiki, bai kamata ka ɗora harsashin gida a kansa ba, gara ka san matsayinsa tun kafin ka sayi bulo.

Tambaya daga wani magidanci a Zariya: Gidanmu na gado ne, an raba shi tsakanina da yayana, aka ja katanga. Ina haƙar rami a ɓangarena sai na tarar da bututun roba mai inci 4 ya fito daga wajen yayana ya ratsa filina. A bushe yake. Tambayata biyu ce: ina da ikon cire shi tunda a filina yake? Idan kuma ban cire ba, zan iya haɗa magudanar ramin kifina da shi, in huta da sayen sabo?

Amsa: Wannan matsala ta fi yawa a gidajen gado, domin lokacin da aka shimfiɗa bututun gida ɗaya ne, masu rabo kuwa ɗakuna da fili suke aunawa, ba kasafai ake tuna abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba. Bututun roba mai inci 4 galibi ɗayan biyu ne: ko yana ɗauke da ƙazantar makewayi zuwa sokawe, ko yana fitar da ruwan sama daga tsakar gida zuwa kwata. Idan na biyun ne, bushewarsa a rani ba abin mamaki ba ce, aikinsa sai damina, kuma ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta za ka san amfaninsa idan ka riga ka toshe shi, domin ruwan zai koma tsakar gidan yayanka, daga nan ya jiƙa katangar da ke tsakaninku.

Gano gaskiyar ba shi da wuya, amma sai da haɗin kan Yaya, don haka ka fara da zuwa wurinsa. Ku kaɗa bular wanki a bokitin ruwa har ya yi shuɗi sosai, a zuba a makwararar tsakar gidansa, wani ya tsaya a bakin kwata ta waje, wani kuma ya ɗora kunne a kan bututun. Bayan wannan ya wuce, a maimaita a wurin wanka, sannan a masai. Duk inda shuɗin ya ɓullo, kun san mafarin bututun da ƙarshensa.

Kan maganar iko, kasancewar bututun a filinka ba ta ba ka damar yanke wa ɗan'uwanka hanyar ruwan da aka raba gidan tana nan ba. Ƙa'idar da malamai ke kafa hujja da ita a irin wannan ita ce hadisin da ya hana cuta da cutarwa, kuma ko a gaban mai unguwa aka je, abin da za a fara tambaya shi ne wanda ya riga wani, bututun ko ramin. Abin da kake da ikon nema shi ne a karkatar da shi ya bi gefen katanga, ku daidaita kan kuɗin aikin, a kuma rubuta abin da aka yi a gaban shaidu domin 'ya'yanku. Idan za a karkatar, a kula da gangara: bututun inci 4 mai ɗauke da ƙazanta yana son ya sauka kamar santimita 2.5 a kowace mita, kuma karkatarwa tana ƙara masa tsawo, saboda haka sai an auna an ga ko gangarar za ta isa. A kowace kwana a gina ɗan rami mai murfi inda za a iya zura sanda idan ya toshe. Kada a bar shi a ƙarƙashin ruwan kifi, domin ranar da ya toshe ko ya fashe, gyaransa na nufin kwashe kifi da fasa daɓe.

Tambayarka ta biyu kuwa, amsata a'a ce, sai in an cika sharuɗɗa masu wuyar cikawa. Mai kiwon tarwaɗa yana sauya ruwa a kai a kai, kuma ruwan da yake zubarwa yana da yawa, yana da wari, yana ɗauke da kashin kifi da ragowar abinci. Idan bututun sokawe yake zuwa, sauyin ruwa kaɗan zai cika ta ta tumbatsa. Bayan haka hanya ce mai kai da kawo: ranar da ƙasan bututun ya toshe, ƙazantar makewayi za ta iya dawowa ta ɓulla a cikin kifin da kake shirin sayar wa mutane su ci. Idan kuma kwatar layi yake zuwa, sai ka tambayi kanka ko maƙwabta za su jure wannan warin a ƙofar gidajensu. Mafi kyawun makomar ruwan kifi ita ce shuka, domin taki ne mai kyau ga ayaba da gwanda da alayyafo da zogale, kuma duk mai ɗan fili ya kamata ya tsara lambunsa tare da raminsa tun farko.

Tambaya daga wata uwargida a Katsina: Ni malamar makaranta ce, ina son in fara kiwon kifi a gida. Masu haƙa sun bi wani gajeren bututu mai launin ƙasa-ƙasa, mai sheƙi kamar tukunya, sai ya kai su ga wani murfin kankare da ƙasa ta rufe. Da suka ɗaga gefensa sai wari ya taso, ga rami mai zurfi. Babbansu ya ce sa'a ce, tsohuwar sokawe ce, a yashe ta a shafe da siminti ta zama ramin kifin, ya kuma ce yaronsa zai shiga ya duba zurfinta. Na ce su dakata sai na yi tambaya.

Amsa: Malama, kin yi daidai da kika dakatar da su, kuma ina roƙonki kada ki bari kowa ya shiga ramin nan, ko da da igiya a ƙugunsa. Bututun da kika gani na gasasshen yumɓu ne, irin wanda ake kai ƙazanta da shi kafin zuwan na roba, kuma ya nuna ramin ya daɗe. Rufaffen ramin ƙazanta yana tara iska mai guba, ciki har da wadda ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa takan kashe jin warin kansa, mutum ya ɗauka ta wuce alhali a lokacin ta fi ƙarfi. Tana da nauyi fiye da iskar da muke shaƙa, don haka a ƙasan rami take kwanciya, kuma shaƙa kaɗan ta isa ta sumar da ƙato. Abin da ya sa irin wannan haɗari kan ci rai fiye da ɗaya shi ne, na farko ya faɗi, na biyu ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Akwai kuma iskar da ke kama wuta, saboda haka kada a leƙa da ashana ko fitilar kwai, kada a sha taba a bakin ramin. Zurfi da gora ake auna shi daga sama. A yau ɗin nan a mayar da murfin, a kewaye wurin saboda yara, kada kuma a tsaya a kan murfin, domin rodin da ke cikin tsohon kankare yakan ruɓe daga ƙasa ba a sani ba.

Shawarar mayar da ita ramin kifi ba ta da kyau. An gina sokawe ne domin ta tsotse ruwa ta sake shi cikin ƙasa, bangonta da ƙasanta a buɗe suke, ƙasar da ke kewaye da ita kuma ta sha ƙazanta shekara da shekaru. Shafen siminti ba zai riƙe ba, kuma ko ya riƙe, ba wurin da ya dace a yi kiwon abinci ba ne. A fara tabbatar da cewa babu makewayin da ke zuba a cikinta har yanzu, da gwajin bula kamar yadda muka bayyana wa mai tambaya na Zariya. Idan babu, a kira motar kwasar masai ta zuƙe abin da ya rage, a barbaɗa farar ƙasa, a fasa murfin daga gefe, a cike ramin da ɓaraguzan gini da jar ƙasa ana daɓewa. Wurin zai ci gaba da lotsawa damina ɗaya ko biyu, saboda haka ya dace da shuka, bai dace da gini ko wani abu mai nauyi ba.

Idan da rijiya za ki riƙa cika ramin kifin, ki auna tazarar da ke tsakaninta da wannan sokawe da kuma wadda ake amfani da ita yanzu. Tazarar da ma'aikatan lafiya suka fi ba da shawara ita ce mita 30, abin da gidaje da yawa a cikin gari ba su da shi, kuma inda ba a samu ba ya kamata a kai ruwan a gwada. Tunda kuma yanzu za ki fara, ki duba yiwuwar amfani da tamfol da ake ɗaurawa a kan firam a bisa ƙasa. Ba ya bukatar haƙa, ana iya matsar da shi, abin da yake so kawai shi ne daidaitacciyar ƙasa mai tauri da shimfiɗar yashi mai laushi a ƙarƙashinsa, nesa da bakin tsohon ramin.

Tambaya daga wani manomi a wajen garin Gombe: A gonata nake haƙar babban rami na ƙasa. Mun tarar da jerin bulo an shimfiɗa su a kwance, ƙarƙashinsu yashi, a cikin yashin kuma wani baƙin abu kamar tiyo mai kaurin hannun yaro. Mun taɓa shi da abin gwada wuta na masu gyara, fitilar ba ta kama ba. Tsohon tiyon ban ruwa ne?

Amsa: Malam, babu mai wahalar da kansa ya shimfiɗa yashi ya jera bulo saboda tiyon ban ruwa. Wannan tsari ne na binne wayar lantarki: yashi don kada dutse ya huda ta, bulo ko fale-falen kankare don su tare diga su kuma gargaɗi mai haƙa, wani lokaci har da doguwar leda mai launi a sama. Rashin kamawar fitilar gwaji ba hujja ba ce ko kaɗan, domin irin wannan waya tana da sulken ƙarfe a ƙarƙashin baƙar robar, wutar kuma tana can ciki, ga shi kuma ba ka san ko an ɗauke wuta a lokacin da kuka gwada ba. Idan diga ta huda ta tana da wuta, tartsatsin kaɗai ya isa ya ƙona fuska da hannuwa. Zai iya kuma kasancewa layin sadarwa ne na tarho da intanet, wanda ba ya kisa, amma yanke shi kan katse wa gari guda sadarwa, ya kuma jawo wa mai gona tuhuma da biyan diyya.

Ka janye ma'aikatanka daga wannan ɓangaren, ka mayar da yashi da bulon yadda suke, ka kafa turaku a kan layin, ka sanar da ofishin kamfanin rarraba wutar lantarki na yankinku da mai gari. Ka kuma zagaya gonar da kewayenta ka duba ko akwai turakun siminti ko alluna masu rubutu a jere, domin bututun mai da ya taso daga matatar Kaduna ya bi ta Jos da Gombe zuwa Maiduguri, kuma daɗewar da irin wannan layi ya yi ba a tura mai ta cikinsa ba ba ta nufin babu sauran mai ko tururinsa a ciki. Gobarar Jesse ta jihar Delta a watan Oktoban 1998, wadda ta ci rayuka fiye da dubu, daga fasasshen bututun mai ta tashi. Idan ka ga irin waɗannan alamu kusa, ko ƙasar ramin tana warin fetur ko kananzir, a tsayar da aikin gaba ɗaya, a kashe duk wani inji, a kai rahoto ga hukuma. Sabon ramin kuma a auna shi a wani ɓangaren gonar, a fara da tona siririn lambatu da shebur a kewayen iyakarsa, zurfin mita ɗaya, kafin a kawo motar haƙa.